Yauƙi a Tankin Gas na Jirgin Ruwa: Magani, Wanki, ko Filta Mai Raba Ruwa?

Duk mai jirgin da ke aiki da injin gas, wato gazuwal ko dizal, a Lagdo yake ko a Binuwai wajen Garwa, ko yana zirga-zirga tsakanin Bulanguwa da tsibiran Tafkin Chadi, ya san wannan ciwo ko da bai san sunansa ba. Inji ya tashi garau da safe, ya ja kaya ba gardama muddin ruwa na kwance. Da iska ta taso jirgi ya fara tangaɗi, sai ƙarfi ya ragu, inji ya yi ta shaƙewa har ya mutu. A kwance filta a tarar wani baƙin abu mai santsi ya liƙe ta. A sa sabuwa, a cire iska, a ci gaba da tafiya, kafin mako ya zagayo ita ma ta toshe. Daga nan sai a fara zargin mai sayar da gazuwal, ko a ce filtocin yanzu ba su da ƙarko, ko a kwance famfon injekta a kai wa mai gyara. Kuɗi na fita, ciwo na nan, don kuwa a gindin tanki yake kwance, inda ba mai leƙawa.

Abin nan mai rai ne. Tarin bakteriya ne da funfuna da yis, masu cin man da kansa. Wasu kan ce gansakuka ce, amma gansakuka sai da hasken rana, tanki kuwa duhu ne. Fitacciya a cikinsu wata funfuna ce mai suna Hormoconis resinae, wadda ta daɗe tana wahalar da masu jiragen sama a tankunan kananzir ɗinsu. Ba a cikin man suke zaune ba. Litar ruwa kilo 1 ce, litar gas kuwa gram 820 zuwa 845, saboda haka duk ɗigon ruwan da ya shiga tanki ƙasa yake sauka ya kwanta. A kan iyakar nan, inda ruwa ya haɗu da mai, nan suke kafa gida: suna sha daga ƙasa, suna ci daga sama. Abin da suke fitarwa shi ne yauƙin nan irin na kuɓewa da ke toshe filta, da kuma asid mai cin ƙarfe. Akwai wani jinsi da ke rayuwa can ƙarƙashin dagwalon inda ba iska, shi ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma shi ke huda tankin ƙarfe ƙananan ramuka daga ciki. Zafin da suka fi so, daga digiri 20 zuwa kusan 40, shi ne zafin ƙasarmu kusan duk shekara. Ga shi kuma injin gas yana mayar da ragowar mai da ɗuminsa cikin tanki. Abin da zai ɗauki watanni a ƙasar sanyi, a nan makonni sun ishe shi.

To, idan an fahimci wannan, rabin zaɓin ya ƙare. Inda ba ruwa a kwance, ba sa yaɗuwa. Saboda haka kowace hanya da za a kawo maka, tambayoyi uku za ka yi mata: tana fitar da ruwan? Tana kwashe dattin da ya riga ya taru? Tana hana shi dawowa? Kashe ƙwayoyin shi ne abin da aka fi talla, amma a wurina shi ne na ƙarshe a muhimmanci.

Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, tabbatar da abin da ke damunka. Sami siririn tiyo mai tsabta da ɗan famfon hannu, ka zura har ya taɓa can gindin tanki ta wajen da ya fi gangara, ka jawo kamar rabin lita cikin farar kwalba, ka ajiye ta a inuwa awa guda. Mai lafiya garau yake, kana iya karanta rubutu ta bayansa. Idan ya yi hazo, akwai ruwa a gauraye. Idan ruwa ya ware a ƙasa, kuma tsakaninsa da man ka ga wani zare-zare ko fata-fata mai launin ƙasa, su ne. Masu gidajen mai suna da wani man shafawa, Kolor Kut, da ake shafa wa sanda a zura. Inda ya taɓa ruwa sai ya koma ja, ka ga zurfin ruwan da idonka. Ba kowane baƙi ne ƙwayoyi ba, wannan kuma a kiyaye. Gas da ya tsufa a zafi yakan zubar da wani abu kamar kwalta, mai danƙo ba santsi ba. Ga tsatsa, ga ƙurar hunturu. Ka ɗebi kaɗan daga kan filtar da ka cire, ka ɗiga masa ruwan jabel, wato bilic na wankin kaya, a waje ɗaya: na ƙwayoyi yakan koɗe ya yi fari-fari, kwalta da tsatsa suna nan yadda suke. Wanda matsalarsa kwalta ce ya sayi maganin ƙwayoyi, ya zubar da kuɗinsa.

Mu fara da maganin, tunda shi ne kowa ke tambaya. Na gaskiyarsa suna aiki, ba shakka. Sanannu su ne Biobor JF, da Grotamar 82, da Kathon FP 1.5, kuma a jikin kwalbar irinsu za ka ga kalmar biocide, haka take da Faransanci da Turanci. Kowanne da ma'auninsa, kuma nesa suke da juna. Biobor JF kimanin mililita 20 ne ga lita 100 idan cuta ta kama, rabin haka don rigakafi. Grotamar 82 kuwa mililita 100 ga lita 100 ga tanki mai cuta, mililita 25 don rigakafi. Ka ga wanda ya ɗauki ma'aunin wannan ya yi da wancan ya ɓata. Ana zuba shi ne kafin a cika tanki, don man da ke shiga ya gauraya shi, a cika fal yadda zai taɓa bango har sama, sannan a bar shi kwana guda ko kwana da rabi ba a taɓa ba.

Alfanunsa a fili yake: ba ka kwance komai, ba ka tsayar da jirgi fiye da kwana biyu, kuma yana kaiwa lungunan da hannu ba ya kaiwa, har cikin bututai. Amma akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai tsaya ya faɗa maka ba. Magani ba ya fitar da ruwa, ko cokali guda. Ba ya kuma narkar da gawar abin da ya kashe. Bayan an zuba, abin da ke manne a bango sai ya saki ya shiga mai, filta ta fi toshewa fiye da da. Mutane da dama a nan suke cewa maganin jabu ne, alhali aikinsa ya yi. Duk wanda zai zuba magani a tanki mai datti, ya tanadi filtoci biyu ko uku a jirgi, kuma kada tafiyarsa ta farko ta zama mai nisa ko mai fasinja. Sannan idan yauƙin ya yi kauri, shi kansa garkuwa ne: magani ya kashe na sama, na ƙarƙashi su tsira, da ƙarfin maganin ya ƙare su farfaɗo. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ga kuma batun awo. Mun saba da tunanin cewa idan kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Ba haka ba ne a nan. A watan Fabrairun 2020, wani jirgin sama da ya tashi daga filin Gatwick na Landan ya sami matsala a injinansa biyu, ya juyo ya sauka da ƙyar. Bincike ya nuna an zuba masa Kathon fiye da ninki 30 na abin da ya kamata, saboda kuskuren lissafi. Idan ƙwararrun ma'aikatan jirgin sama za su faɗa wannan rami, mai auna magani da murfin kwalba a bakin tafki ya fi kusa da shi. Sayi sirinji a kantin magani ka riƙa awo da shi. Ragewa don kwalba ta daɗe shi ma asara ce, ba ka kashe su ba, ka kuma ƙarar da magani. Kuma guba ce: wasu suna ƙona fata, suna kashe kifi ko da kaɗan ne ya shiga ruwa. A wurin da abincin gari gaba ɗaya daga tafki yake fitowa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙari a kan haka, ba kaya ne na kowane shago ba, sau da yawa sai an yi saƙo daga nesa, kuma abin da ake saƙonsa daga nesa da tsada shi aka fi yi wa jabu.

Akwai wasu kwalabe da ke cika shagunan kayan mota, masu alƙawarin wanke nozul da ƙara ƙarfin inji. Yawancinsu ba sa kashe komai. Wasunsu kuma, masu cewa suna shanye ruwa, abin da suke yi shi ne su gauraya ruwan da man ya zama ɗaya, ya wuce ta filta ya shiga famfo da nozul. Ga ɗigo kaɗan ba laifi, amma ga kofi guda na ruwa, ka ɗauke shi ne daga inda za ka iya tsiyaye shi ka kai shi inda zai fi yin ɓarna. Na'urorin maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun mai, ni ban ba kowa shawarar ya sa kuɗinsa a kai ba: ba sa fitar da ruwa, ba sa kwashe datti.

Dabarun bakin tasha ma in taɓa su, don ana yi. Zuba kananzir ba ya kashe su, tunda a kananzir ɗin jirgin sama ma suna rayuwa, kuma yana rage santsin da famfon injekta ke buƙata. Zuba fetur ya fi muni. Gas mai inganci ba ya fitar da tururi mai kama wuta sai ya haura digiri 55, wannan ne ya sa ya fi aminci a jirgi. Fetur kaɗan ya isa ya rushe wannan amincin, a cikin jirgin katako mai ɗauke da mutane da buhunan kaya, ana shan taba, ana dafa shayi. Ruwan jabel kuwa don gwaji ne a waje kawai, ruwa ne mai cin ƙarfe, kada ya kusanci tanki.

Hanya ta biyu ita ce wankin tanki da hannu, wadda kowa ke gudu, kuma ita kaɗai ce ke amsa tambaya ta biyu da gaske. A kwashe man a duro mai tsabta, a buɗe tanki, a kankare bango da gindi da buroshi, a kwashe dagwalon, a goge da tsumma marar zubar da zare, a ɗauraye da ɗan gas mai kyau, a bar shi ya bushe sarai. Idan an wanke da ruwan zafi da sabulu, wanda ba laifi ga tankin da ake iya cirowa, to sai ya sha rana har ba sauran danshi ko a lungu. A watan Maris ko Afrilu ranar Kuseri za ta gama wannan aiki kafin la'asar. A busa bututan mai ko a sauya su, don tiyon roba yakan riƙe yauƙi a ciki ya sake shuka shi a tanki mai tsabta. Kuɗin kaya kusan babu, sai na ƙarfi da na kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure. Ga wanda ke samu kullum wannan asara ce ta gaske, shi ya sa ake zaɓar lokacin da ruwa ya ja baya aiki ya yi sauƙi.

Matsalar ita ce yawancin tankunan da masu walda ke ƙera mana ba su da ƙofar leƙawa, sai bakin zuba mai kawai. Manya kuma suna da shingaye a ciki don hana mai kaɗawa, kowane ɗaki sai an kai gare shi. Sai an yanka ƙofa, a yi mata murfi mai kusoshi da roba mai jure mai. A nan nake roƙon kowa: kada a kai wuta ko injin yanka mai tartsatsi kan tankin da ya taɓa ɗaukar mai don kawai an juye shi. Tanki marar komai shi ya fi fashewa, saboda tururin da ya rage. A wanke shi, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aiki, kuma a ba wanda ya saba. Tunda an buɗe, a yi abin da ya fi kowane magani amfani: a sa masa ɗan aljihu a wajen da ya fi gangara, da makunnin tsiyaya a ƙasansa, a kuma ɗaga bakin bututun da ke jan mai ya bar gindi da kamar yatsu biyu. Daga ranar, fitar da ruwa ya zama aikin minti ɗaya kowace safiya.

Idan wankin ya tona ramukan tsatsa masu zurfi, kada a yi ta faci. Kuma wajen ƙera sabo a guji ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi da bokitai, don gas yana cin zinkin ya kai shi nozul ya daskare.

Tsakanin magani da wanki akwai wata hanya, wato tace man ana zagaya shi. A sami ƙaramin famfon lantarki mai aiki da batirin bolt 12, ya jawo daga can gindi, ya bi ta babbar filta mai raba ruwa, ya koma tanki ta sama, a bar shi yana zagayawa har man tankin ya bi ta filta sau da yawa. A Turai da Amurka sana'a ce mai zaman kanta, amma ba abin da zai hana bakanike a Garwa ko Njamena ya haɗa nasa a kan katako ya riƙa yi wa mutane. Amfaninta babba shi ne ceton mai: lita 400 da ta gurɓace dukiya ce, ba mai zubar da ita. Rauninta kuwa, abin da ke yawo cikin mai take kamawa. Wanda ya manne a bango yana nan sai in an zuga shi da ƙarfin feshi, bayan shingaye kuma ko hakan ba ya kaiwa. Ina ganinta abokiyar wanki ce, ko abokiyar magani, ba magajiyarsu ba. Da ita za ka tace man da ka kwashe kafin ka mayar, da ita za ka kwashe gawar bayan magani maimakon ka bar wa filtar inji.

Sai filta mai raba ruwa, wadda ake ɗaurawa tsakanin tanki da inji. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in saya wa jirgi, ita zan saya. Ba ta warkar da tanki, a san da wannan. Abin da take yi shi ne ta tsare famfo da nozul, waɗanda su ne masu tsadar, ta kuma nuna maka halin da tankinka ke ciki kullum, domin tana da ƙoƙon gilashi ko farar roba a ƙasa inda ruwa da datti ke taruwa kana gani. Ka ga ruwa, ka murɗa ka tsiyaye. Ka ga yana ƙaruwa kullum, ka san akwai inda yake shiga. Shahararriya a jiragen ruwa ita ce Racor 500, mai wuce lita 227 a awa, da Separ. Suna da kyau ƙwarai, ana sauya cikinsu ta sama ba tare da ɓarin mai ba, amma da tsada, kuma cikin nasu ba a ko'ina ake samu ba. Ga ƙananan injuna, irin CAV 296 mai ƙoƙon gilashi ta wadatar. Ita ce a kan taraktocin Massey Ferguson da injunan Perkins, saboda haka duk inda ake noman auduga ko shinkafa da tarakta, daga Garwa har Yagwa, mai kayan tarakta ya san ta. Akwai ma ta Land Cruiser da Hilux masu gas, mai famfon hannu a ka da matsiyayar ruwa a ƙasa. Ba ka ganin ciki, amma tana sauƙaƙa cire iska, kuma kowane shagon kayan mota na da ita. A wurina filtar da za ka sami cikinta a kasuwar garinku ta fi wadda ta fi ta kyau amma sai an jira saƙo.

A kula da lambar ƙanƙantar ramukanta. Ana samun maikron 30, da 10, da 2. Gashin kai kimanin maikron 70 ne. Mutane kan ɗauka mafi ƙanƙanta ita ce mafi kyau, su sa mai 2 a gaba, sai ta toshe cikin awa kaɗan. Ta farko ta zama 30 ko 10, ta kwashe manyan, a bar ta jikin inji ta gama sauran. Tsofaffin injuna da na Sin masu silinda ɗaya suna da haƙuri, matsin nozul ɗinsu wajen 200 ne a ma'aunin matsi da ake kira bar. Sababbi masu kwamfuta suna haura bar 1,600, ɗan ruwa ko datti kaɗan ya ishe su lalacewa, gyaransu kuma ba na bakin tafki ba ne. Mai irin wannan inji, ko mai ɗaukar fasinja, ya ɗaura filta biyu gefe da gefe da makunnin sauyawa, ta yadda idan ɗaya ta toshe zai juya hannu kawai ba tare da kashe inji ba. Wanda ya taɓa ganin yadda kogin Logon ke gudu a watan Satumba da Oktoba kusa da ƙafafun gadar Ngeli ya san minti biyar na sauya filta ba ƙaramin lokaci ba ne.

Akwai zaɓin da ba a cika lissafa shi ba saboda ba shi da kwarjini: a rabu da kafaffen tanki gaba ɗaya. Ga kwale-kwale mai ƙaramin inji da ke shan lita 20 ko 30 a yini, jarka mai kauri ko tankin roba da ake ɗagawa ya fi tankin ƙarfe ta kowace fuska. Ba ya tsatsa, kana hango ruwa a gindinsa idan ka ɗaga shi a rana, kana juye shi ka wanke ka shanya duk lokacin da ka so, idan ya ƙi wankuwa ka sayi wani. Man ba ya kwana da yawa balle ƙwayoyi su zauna. Sharaɗi dai a ɗaure shi da kyau, a kare shi daga rana da zafin salansa, kuma kada ya zama jarkar da jiya aka ɗebo ruwa da ita. Babban jirgi mai tafiyar kwanaki ba zai iya wannan ba, amma zai iya rabinsa: ƙaramin tanki na yini guda a sama, ana cika shi daga babban ta cikin filta.

Duk waɗannan ba su da amfani idan ruwa na ci gaba da shiga, to daga ina yake zuwa? Shawarar da ta fi yawo ita ce a riƙa barin tanki cike don hana gumi. Tana da tushe, amma an gina ta ne kan jiragen ƙasashen sanyi da ke yin watanni a ɗaure cikin danshi. Mu yi lissafi. Iska mai digiri 30, ko ta ƙoshi da danshi, gram 30 na ruwa take ɗauka a kowace lita 1,000. Tanki mai lita 200 ke nan, ko babu komai a ciki, gram 6 ne, cokalin shayi da ɗan ɗori, kuma ba duk iskar ke sauyawa a dare ɗaya ba. Da damina yana taruwa a hankali, gaskiya ne. Da hunturu kuwa iskarmu a bushe take. Kwatanta wannan da kofi guda da ke shiga lokaci ɗaya daga gindin jarka, ko ta murfin da robarsa ta tsage ruwan sama ya kwanta a kai, ko ta bututun numfashin tanki da ke fuskantar feshin igiya. Ko man da ya cika ƙa'idar Turai ta EN 590 an yarda ya ɗauki miligram 200 na ruwa a kilo, wato kusan cokali biyu na miya a duro guda, wanda wani sashensa kan sauka idan mai ya huce. Namu kuwa, ko daga matatar Jarmaya ya fito, ko ta Duwala aka shigo da shi tun bayan gobarar matatar Limbe a 2019, ko ta kan iyaka ya biyo, kafin ya iso bakin ruwa ya sauya mazubi sau da yawa: tanka, duro, jarka, kwalba. Kowane mazubi da rabon da yake ƙarawa, ba lallai da mugun nufi ba.

Saboda haka robar murfi ta 'yan sefa kaɗan, da lanƙwasa bututun numfashi ya kalli ƙasa, sun fi cika tanki amfani. Duron ajiya kada a bar shi tsaye a fili. Ruwan sama na taruwa a kansa, da dare ya huce ya zuƙe shi ta bakin murfi. A kwantar da shi, ko a karkata shi a rufe. Sabon duro a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, a ja daga sama, a bar na gindi. Akwai mazurari mai raga ta musamman, irin Mr. Funnel, da ke barin mai ya wuce ya tare ruwa. Ga mai saye a jarka, bayan filta shi ne abu na biyu da ya cancanci kuɗinsa. Idan kuma za a ɗaure jirgi watanni, mai ƙaramin tanki ya juye shi ya busar, ya fi ya bar mai yana tsufa a zafin digiri 40. Mai babban tankin da ba ya juyuwa shi ne zai tsiyaye ruwa, ya cika, ya sa ma'aunin rigakafi. A nan magani ya yi daidai da wurinsa.

Idan mai jirgi ya zo ya ce, "Malam, ni dai ka faɗa mini wanne zan yi," amsar ta danganta da abin da kwalbar gwajin ta nuna. Ruwa kaɗan ba yauƙi: tsiyaye, gyara murfi, ɗaura filta mai ƙoƙo, ka bar magani a shago. Zare-zare kaɗan, filta na kaiwa makonni: tsotse gindin tanki tukuna, sannan magani cikakken awo sau ɗaya, da filtoci a ajiye. Dagwalo mai kauri, ko wari, ko filta na toshewa cikin kwanaki: Alhaji, haƙuri za ka yi ka ɗaure jirgi a buɗe tanki, ba kwalbar da za ta yi maka wannan aiki. Bayan wankin ne magani zai biya kuɗinsa, ya share abin da ya saura a bututai da lungu. Masu injin ban-ruwa a Maga da masu janareta a gari, lissafinsu ɗaya ne da wannan.

Abin da aka kwaso daga tanki kada ya koma tafki, kada kuma a zuba shi a yashin bakin ruwa inda ambaliya za ta wanke shi, musamman idan an sa magani. A tara shi a rabin duro nesa da gaɓa da rijiya, a rufe da raga saboda yara da dabbobi. Man da ya taso sama a kwashe a tace, ya yi wankin kayan inji; ruwan kuwa, rana za ta ƙafar da shi, dagwalon da ya saura a haɗa shi da baƙin mai a ba masu tara shi.